Bindigar Fenti Ko Gwangwani? Shawara Ga Mai Son Gyara Cikin Motarsa

Kaka ta wuce. An zuba masara da dawa a rumbu, an sayar da auduga da waken soya. A irin wannan lokaci ne maigida a ƙasar Funtua da Malumfashi yakan sami sukunin duban motarsa. Duk shekara ta sha aiki. Ta kai taki gona, ta kai buhuna kasuwar Dandume da ta Bakori, ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ran Lahadi kuma ta kwashi iyali. Injin yana nan lafiya, amma cikinta ya tsufa. Rana ta cinye launin dashbod, robar jikin ƙofa ta yi fari fat, buhuna sun kakkarce ko'ina.

Sai maigida ya ce zai yi mata fenti. Nan tambaya take tasowa: a kai ta gareji a fesa da bindigar fenti, ko kuwa a sayo fentin gwangwani a yi a gida? Kada mu raina tambayar nan, gama kuɗin da za a kashe gumin damina ne, numfashin da za a shaƙa kuma na mutanen gida ne.

Asalin Kayan Nan Biyu

Bindigar fenti daga ɗakin likita ta fito. A shekarar 1888 wani likita a birnin Toledo na Amurka, mai suna Allen DeVilbiss, ya ƙera ɗan abin fesa magani a maƙogwaron majiyyata. A 1907 ɗansa Thomas ya mai da dabarar ta zama ta fesa fenti. Kafin a soma amfani da ita a masana'antun mota, da buroshi ake shafe mota, a yi makonni ana jiran shafi bayan shafi ya bushe. A 1924 kamfanin General Motors ya fitar da motarsa Oakland da fentin Duco mai saurin bushewa, wanda ake fesawa. Tun daga nan feshi ya zama hanyar masu ƙera mota. Motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, waɗanda dattawanmu suka sani sarai, da feshi aka yi musu launi.

Gwangwani ƙane ne. Wani mutumin Norwe, Erik Rotheim, ya sami takardar mallakar dabarar gwangwanin feshi a 1927, amma sai a 1949 Edward Seymour na jihar Ilinoi ya ɗura fenti a ciki. Amfaninsa kuwa shi ne mutum ya iya ƙaramin aiki da hannunsa ba tare da inji ba. Har yau iyakar gwangwani ke nan: ƙaramin aiki.

Yadda Suke Aiki

Manomin ƙasarmu ba baƙo ba ne ga feshi. Duk wanda ya taɓa goya fanfon feshi a gonar auduga ko ta wake ya san abu uku: in ƙarfin iska ya ragu, ruwan yakan fito da gudaji; in bakin ya toshe, feshin ba ya daidaita; in iska tana kaɗawa, rabin maganin a gonar maƙwabci yake sauka. Haka fenti yake.

Bindiga tana aiki da injin iska, irin na masu faci. Mai fenti yakan dama fentin da tina, ya tace, ya daidaita ƙarfin iska da faɗin feshi yadda yake so. Yana iya haɗa launi har ya yi daidai da na asali. Amma tana bukatar lantarki ko janareto, da wankewa bayan kowane aiki, da hannun da ya saba. In ba a zubar da ruwan da yake taruwa a tankin injin ba, yakan biyo iska ya ɓata fentin.

Gwangwani kuwa komai yana ciki: fenti, da abin da ya tsinka shi, da gas mai turo shi. Yawancin waɗanda ake sayarwa na mililita 400 ne, amma ainihin fentin kaɗan ne daga cikin wannan. Launin da ka saya shi ne za ka samu, ba gyara. Sa'ad da ya kusa ƙarewa ƙarfinsa yakan ragu, ya fara tofar da ɗigo.

Wanne Za Mu Zaɓa?

Amsarmu ita ce, girman aiki shi ne alƙali. In abin da ya lalace ƙanana ne, watau marfin akwatin dashbod, da robar da ke kewaye da rediyo, da mariƙin ƙofa, da murfin sifika, gwangwani ɗaya ko biyu sun isa. A kwance su daga mota, a fesa a waje, a mayar. Ba dalilin biyan ladan gwani a kan wannan.

In kuwa dukan dashbod ne da jikin ƙofofi huɗu, lissafi ya juya. Jikin ƙofa ɗaya yana iya cinye gwangwani guda in an yi shafi uku. Kafin a gama an sayi da yawa, wani ma launinsa ya ɗan saɓa da na ɗan'uwansa, ga shi kuma wuri mai faɗi yakan yi zane-zane a hannun wanda bai saba ba. Araha ba ta ado. A nan gara a kai wa mai bindiga, a yi ciniki a kan aikin duka, a kuma roƙe shi ya nuna wata motar da ya yi wa irin wannan aiki watanni da suka wuce. Sabon fenti kowane iri yana da kyau ran farko.

Sayen bindiga da injin iska domin mota ɗaya kuwa asara ce, sai dai ga wanda yake nufin ya mai da abin sana'a, ko ya kafa ɗansa da ya gama koyo.

Sirrin Yana Cikin Shiri

Wani maƙwabcinmu ya sayo gwangwani huɗu na baƙin fenti mai sheƙi, ya fesa wa dashbod ɗin akori-kurarsa da rana tsaka, bai kwance kome ba, bai wanke ba. Da yamma unguwa ta taru tana yabo. Kafin wata ya cika fentin ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Abin da ya fi muni, in ya fuskanci rana a hanyar Malumfashi, sheƙin yakan haska gilashin gaba har da ƙyar yake ganin hanya. Ya ɗora wa gwangwani laifi, amma da bindiga aka yi hakan, sakamakon ɗaya ne.

Ga dalili. Roba ba ƙarfe ba ce, roba kuma iri-iri ce. In ka kwance wani yanki ka juya bayansa, sau da yawa za ka ga haruffa. In ka ga ABS, wannan tana karɓar fenti ba wuya. In ka ga PP, wannan ita ce mai gardama, fenti ba ya kama ta sai an fara fesa mata wani ruwa na musamman mai sa fenti ya manne wa roba. Wurare masu taushi kuma, waɗanda yatsa yake lotsawa, suna son fentin da aka yi domin leda, mai tanƙwaruwa. Fentin ƙarfe zai tsattsage a kansu.

Saboda haka, ko da wanne za a yi aiki, a bi waɗannan:

1. A wanke da ruwa da sabulu sau biyu, a bari ya bushe sarai. Man sheƙi da masu wankin mota suke shafa wa dashbod babban abokin gaban fenti ne.
2. A goga samfefa mai laushi a hankali, don fenti ya sami wurin kamawa.
3. A gwada a wani lungu da ido ba ya gani, a bari ya kwana.
4. A girgiza gwangwani minti 2, a riƙe shi kamar santimita 25 daga aikin, hannu yana tafiya ba tsayawa.
5. A yi shafi mara kauri sau 3, da hutun kamar minti 10 a tsakani. Sannu ba ta hana zuwa.
6. Saman dashbod, a sa fenti mara sheƙi.

Akwai wuraren da ba a taɓa su da fenti ko kaɗan: bel na ɗaure jiki, gama tina tana raunana zarensa, da sitiyari, da murfin jakar iska mai kare mutum a lokacin haɗari.

A kuma dubi lokaci. Ƙurar hunturu takan manne wa ɗanyen fenti, laimar damina takan dusashe shi, zafin bazara kuma yakan busar da feshin tun bai sauka ba. A yi aikin da safe kafin iska ta tashi, a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Lafiya Uwar Jiki

Wannan sashe na uwargida ne kamar yadda yake na maigida. Dā ana ɗura wa gwangwani wani gas da aka gane yana lalata rufin ozon a sararin sama, har ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 don a daina shi. Abin da yake cikin yawancinsu yanzu ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta nan da nan. Kada a fesa kusa da murhu, ko fitila, ko janareto mai aiki. A jikin gwangwani an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, motar da aka rufe a rana cikin Afrilu kuwa cikinta yakan wuce haka. Kada a bar shi a mota. Wanda ya ƙare ma, kada a jefa shi a bola mai wuta, kada a bar yara su huda shi, gama yakan fashe.

Kada mutum ya zauna cikin mota yana fesawa. Tururin yana sa jiri da ciwon kai. Yara, da mai juna biyu, da mai ciwon asma su yi nisa. Bayan an gama, a bar tagogi a buɗe kwana biyu ko uku kafin a ɗauki iyali.

A gareji kuma akwai fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba masa ruwan da yake sa shi tauri. Yana da ƙarko ƙwarai, amma a cikinsa akwai sinadarin da yake jawo asma wadda ba ta rabuwa da mutum. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Iyayen da suka kai ɗansu koyon fenti a Funtua, ko Zariya, ko Kano, ya kamata su je su gani da idonsu, su tambayi maigidansa: da wane takunkumi yaron nan yake aiki? In babu, su sayo masa na ainihi, ko da za a fasa gyaran motar gida a bana.

A ƙarshe, maigida da uwargida su zauna su yi lissafi tare. In taya ta suɗe, ko birki yana ƙara, ko ba a ware kuɗin makaranta da na takin baɗi ba, fenti ya jira. Dashbod da ya koɗe bai taɓa hana mota kai mara lafiya asibiti ba. In kuwa an biya waɗannan, saura ya ragu, to, ƙaramin aiki a ba gwangwani, babban aiki a ba gwani, a wanke da kyau kafin a fesa.