Wutar Walda Tsakanin Rano da Kibiya

Da zarar damina ta matso, masu walda a Rano ba su da lokacin kansu. Manomi daga Kibiya ya kawo garmar shanu da ta karye, wani ya turo amalanke, na Rurum kuma bututun injin ban-ruwa ya ɗauko. Janareta na ruri, mai shago ya rufe fuska, yaransa sun durƙusa suna riƙe masa ƙarfe da ido tsirara.

"Kai yaro, kau da kai!"

"To, Maigida." Ya kau, ya sake leƙowa.

Shuɗiyar wutar nan da ke tashi a bakin sandar walda ita masana ke kira filasma, wato iskar da lantarki ya gasa har zafinta ya haura digiri 5,000. Danginta ake kullewa a cikin fitilun ɗakunan gwaji, da iskar haidirojin ko diyuteriyom, don a samu hasken UV wanda ido ba ya gani. Mai gajeren zango daga cikinsa, ƙasa da nanomita 200, iskar da muke shaƙa tana shanye shi nan take. Shi ya sa a 1893 sai da wani Bajamushe mai bincike, Victor Schumann, ya zuƙe iskar da ke cikin na'urarsa, ya sa madubin dutsen fulorait, kafin ya iya ɗaukar hotonsa. Har gobe haka masu bincike ke yi.

Wutar walda ma tana fitar da hasken UV. A rumfar walda, iska ce ke tare mai gajeren zangon ba da ko sisi ba. Matsalar tana ga wanda ya ɗan fi shi tsawon zango, domin shi yakan ratsa iska ya sauka a kan ido. Ba a jin komai da rana. Sai bayan awa 6 zuwa 12, tsakar dare, yaro ya farka yana hawaye kamar an watsa masa yashi. Da yake cikin kwana ɗaya ko biyu yake warkewa, sai a mai da abin wasa, har a ce yanzu ya fara zama mai walda. Ni dai ban ga abin dariya ba, tunda yawan shan hasken nan na cikin abubuwan da ke jawo yanar ido. Baƙin tabarau na kwalliya da ake saye a kasuwa kuwa ba ya isa.

Masu shaguna a Rano da Kibiya, don Allah duk yaron da zai riƙe ƙarfe a ba shi garkuwar fuska tasa.