Awa 18 a Sararin Samaniya: Daga Singafo Zuwa New York

 Yau za mu bi sawun jirgin fasinja da ya fi kowanne doguwar tafiya a duniya ba tare da ya yada zango ba.

Jirgin na kamfanin Singapore Airlines ne, yana zirga-zirga tsakanin Singafo da filin jirgin sama na John F. Kennedy da ke New York a Amurka. Tazarar ta kai kilomita 15,349, kuma fasinja kan share awa 18 zuwa 19 a kujera. Alhazan da suka tashi daga Kano zuwa Jidda sun san gajiyar zaman kusan awa biyar. To, ku ninka wannan sau huɗu.

Ba kowane jirgi ke iya wannan aiki ba. Airbus A350-900ULR ake amfani da shi, wanda tankinsa ke cin lita 165,000 na mai. Kujerunsa 161 ne kacal, domin duk nauyin da aka ƙara, mai ne zai biya. Matuƙa huɗu ke ciki: biyu na aiki, biyu na barci a wani ɗan ɗaki da aka keɓe musu, sannan su yi canji. Tun a 2004 kamfanin ya fara irin wannan tafiya zuwa Newark da ke kusa da New York da jirgi mai inji huɗu, amma tsadar mai ta sa ya dakatar a 2013. Sai a 2018 ya dawo, bayan an samu jirgi mai inji biyu da ba ya shan mai sosai.

Yanzu ga abin da nake so mu tsaya a kansa. Da yake duniya a dunƙule take, hanya mafi gajarta tsakanin biranen biyu ta can ƙuryar arewa mai ƙanƙara ta bi. Amma sau da yawa matuƙa ba sa bin ta. Akwai wata iska mai ƙarfi a can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, gudunta kan wuce kilomita 200 a awa. Idan tana bayan jirgi, tura shi take. Idan ya tare ta gaba da gaba, sai mai ya ƙone, lokaci ya tafi. Shi ya sa jirgin kan bar Singafo ya nufi gabas, ta saman Tekun Fasifik da Kanada. Idan zai koma Singafo kuma, yakan sake nufar gabas, ta Tekun Atlantika da Turai. Hanyar ta fi tsawo, amma ta fi sauri.

Saboda haka, masu saurare, kilomita kaɗai ba ta faɗa muku yaushe za ku isa. Iska, nauyin jirgi da hanyar da aka ba shi izinin bi, duk suna da ta cewa.

Duk wanda Allah ya nufa da doguwar tafiya, ya yawaita shan ruwa, ya riƙa tashi yana miƙe ƙafa don kada jini ya daskare masa a jijiya. Allah ya kai kowa lafiya.