FEDA MAI KAMA TAKALMI: SHAWARA GA SABON MAHAYI

Duk wanda ya fita da asuba ranar Asabar ko Lahadi wajen Ikoyi ko Lekki a Legas, ba zai rasa cin karo da ayarin masu kekunan tsere ba, kowa da hular kwano, sun sunkuya suna ta ba da wuta. In ya lura da kyau zai ga ƙafafunsu ba sa rabuwa da feda, kuma in za su tsaya sai ya ji wata ƙara, ƙwas, kafin su sa ƙafa ƙasa. To, wannan ita ce feda mai kama takalmi, wadda masu kanti ke kira kilifles. Samarinmu na Arewa da ke zaune a Kudu sun fara sha'awarta, wasu don motsa jiki, wasu kuwa don sun koma kai saƙo a kan keke tun bayan da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a wasu sassan birnin a 2020 da 2022. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani, don kada mutum ya kashe kuɗinsa ya sayo wa kansa karaya.

ASALINTA

Mutumin Arewa ba ya bukatar dogon bayani game da amfanin likkafa. Ita ke ba mahayi zama daram a kan sirdi, ita ce kuma ke jawo masa masifa in ya faɗi ƙafarsa ta maƙale, doki ya ja shi. Haka abin ya ke ga 'yan tseren keke na dā. Suna sa ƙafa cikin wani ɗan keji na ƙarfe a gaban feda, su ɗaure da maɗaurin fata, kuma kafin su tsaya sai sun kai hannu sun sassauta shi.

A 1984 wani kamfani na Faransa mai suna Look, wanda sana'arsa ita ce ƙera maƙalan takalman masu zamiya a kan ƙanƙara, ya fito da feda wadda ba keji ba maɗauri. A ƙarƙashin takalmi a ke ɗaura wani ɗan faranti, watau kilit, wanda in an taka shi a kan fedar sai ta cafke shi, in an murɗa diddige waje kuma sai ta sake. Da shekara ta zagayo, a 1985, Bernard Hinault ya ci babbar tseren zagayen Faransa da irin wannan feda, daga nan fa sai ta bazu. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya fito da tasa, SPD, wadda aka yi domin masu hawa a daji da duwatsu.

Amfaninta kuwa shi ne ƙafa ba ta zamewa in an yi ruwa ko an faɗa gargada, kullum tana zaune wuri guda, kuma mutum na iya miƙewa ya danna da ƙarfi wajen hawan tudu ko tsere. Amma kada mai kanti ya ruɗe ka da cewa gudunka zai ninka. A tafiyar yau da kullum ta cikin gari bambancin kaɗan ne.

IRI BIYU NE

Iri na farko shi ne na 'yan tsere, mai noti 3, kamar Look Keo da Shimano SPD-SL. Kilit ɗinsa na roba ne, mai faɗi, kuma a waje ya ke, ya tsero daga tafin takalmi. Ta fuska ɗaya kaɗai a ke shiga fedar, sai an juyo ta da yatsa. In mutum ya sauka da wannan takalmi sai ya riƙa tafiya kamar agwagwa, yana santsi a kan siminti, robar kuma tana cinyewa.

Iri na biyu shi ne mai noti 2, watau SPD da makamantansa. Kilit ɗinsa ɗan ƙaramin ƙarfe ne wanda ke nutse cikin tafin takalmi, har mutum ya shiga kasuwa ko ya taka zuwa masallaci ba wahala. Yawancin fedojin, kamar M520, ta kowace fuska aka taka sai su kama, kuma taɓo ba ya cika toshe su, abin da ke da muhimmanci a damina irin ta Kudu.

Sabon mahayi, iri na biyun nan shi ne naka. Dalili kuwa, a titin Legas ko Ibadan ko Onica ba a tafiyar minti biyar ba a taka burki ba. Danfo zai sha gabanka ya tsaya ba sigina, mai talla zai ratso, ga kwata a buɗe gefen hanya. Abin da za ka tambaya wajen saye shi ne yadda ƙafa ke fita da sauri, ba yadda feda ke riƙo ba. Hausawa sun ce da tsalle ɗaya a kan faɗa rijiya, amma ko da tsalle dubu ba a fita.

Har ila yau a cikin SPD akwai kilit iri biyu. SH51 baƙi ne, ba ya saki sai an murɗa diddige gefe sosai. SH56 kuwa launin azurfa ne, da harafin M a jikinsa, yana saki ko an fizgi ƙafa gefe da ɗan sama, yadda mai firgita kan yi. Shi ya kamata mai koyo ya nema. Akwai kuma feda mai fuska biyu, kamar M324 da EH500, gefe ɗaya na kamawa, ɗayan kuma shimfiɗaɗɗe ne irin na keken gida, wanda a ke takawa da kowane takalmi. Mai keke guda wanda da shi ya ke zuwa aiki, da shi kuma ya ke motsa jiki, wannan ta fi masa.

Shi kuwa mai kai saƙo da kaya a baya, wanda ke hawa da sauka wuni zubur, gaskiyar magana ba ya bukatar ko ɗaya. Shimfiɗaɗɗiyar feda mai ƙananan haƙora da takalmi mai tafin roba sun wadatar da shi, ya riƙe kuɗinsa ya sayi hular kwano da fitila.

WAJEN SAYE DA ƊAURAWA

A sani cewa abu uku a ke saye: feda, kilit, da takalmi, kuma tilas su dace da juna. A juya takalmin a ƙirga ramukan noti kafin a biya, gama takalmi mai rami 3 ba ya ɗaukar kilit mai noti 2 kai tsaye. In gwanjo ne, a juya fedar da hannu a ji ko tana gurnani ko girgiɗi, sa'an nan a sayi sabon kilit, domin wanda ya cinye ko dai ya saki ba shiri ko ya ƙi saki.

Wajen ɗaurawa a kula, fedar hagu baibai a ke ɗaure ta, kuma akwai harafin L da R a jikinsu don kada a sauya. A shafa giris a zaren. A jikin fedar akwai ɗan noti mai alamar ƙari da ragi, wanda a ke juyawa da alanki. A mai da shi can ƙarshen ragi a kowace fuska, sai hannu ya faɗa tukuna a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Kilit kuma a sa shi daidai tudun da ke gindin babban yatsa, ko baya da shi kaɗan, a ɗaure tam. In noti ya kwance, takalmi zai riƙa juyawa kilit yana nan a maƙale, ƙafa ba za ta fita ba. In kuma gwiwa ta fara ciwo bayan hawa, kada a daure, a gyara zaman kilit ɗin, don yana tilasta wa ƙafa kallon inda ba nan ta saba ba. Wanda ya nace sai irin na 'yan tsere, to ya nemi kilit mai ruwan ɗorawa na Shimano, wanda ke barin ƙafa ta motsa digiri 6, ya guji ja wanda ba ya motsi ko kaɗan.

KOYO

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a hau titi, a jingina da bango a tsakar gida, a yi ta shiga da fita da kowace ƙafa har abin ya zama jiki. Daga nan a tafi filin ƙwallo ko wani layi marar motoci. Kusan kowane mai koyo ya kan faɗi sau ɗaya, kuma ba cikin gudu ba, a'a, sai ya tsaya cik sa'an nan ya tuna ƙafarsa a ɗaure ta ke, ya tafi gefe kamar buhun masara. A kan ciyawa abin dariya ne. A gefen tirela kuwa, Allah Ya kiyaye.

Dabarar ita ce a cire ƙafa tun kafin a tsaya, da zarar an hango mararraba ko cunkoso. Kuma tun da ya ke a Nijeriya hannun dama mu ke bi tun watan Afrilu na 1972, ya fi kyau mutum ya saba da cire ƙafar dama, ya karkata wajen gefen titi, nesa da tayoyin motoci. In cunkoso ya yi tsanani, a bar ƙafa ɗaya a sake har a wuce.

'Yan'uwa, mun baro gida ne neman halaliya, kuma akwai masu jiran aikenmu. Kada kwalliyar keke ta kai mu gadon asibitin ƙashi na Igbobi. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya mai da mu gida lafiya, amin.