Tsohon sunan shafin intanet: yadda Google yake ɗaukar masu sayensa don su ci gadon martaba

Duk sunan shafin intanet da ka sani, ko da .com ya ƙare ko da .org, haya ake yin sa. Mai shi yana biyan kuɗin rajista shekara-shekara, ko ya biya na shekaru da dama gaba ɗaya, amma ba ya wuce shekara 10. Ranar da ya daina biya, sunan ya kama hanyar komawa kasuwa, kuma akwai masu zaman jiran wannan rana. Matasa da yawa da ke son buɗe shafin labarai ko na kasuwanci suna cin karo da tallar irin waɗannan sunaye, ana ce musu hanya ce mai sauƙi ta hayewa sahun gaba a Google. Yau wannan hanya tana da tarko.

Yadda suna yake kuɓucewa

Hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet, ta wajabta wa kamfanonin rajista su tunatar da mai suna wata ɗaya kafin wa'adinsa ya cika, su sake tunatar da shi ana saura mako ɗaya. Idan wa'adin ya wuce, kamfanin yana iya riƙe sunan har kwana 45. Daga nan akwai kwana 30 na fansa, inda mai shi zai iya karɓo abinsa amma da tsada. Sai kwana 5 na ƙarshe, a sake shi ga kowa. Sunayen ƙasashe, kamar .ne na Nijar da .ng na Najeriya, kowannensu da tasa ƙa'idar.

Suna mai daraja ba ya daɗewa a sake. Kamfani irin GoDaddy yana gwanjon sunayen da wa'adinsu ya cika, DropCatch da SnapNames kuma suna da na'urorin da ke cafke suna a daƙiƙar da aka sake shi.

Me ake nema a jikinsa?

Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, injin bincikensu yake la'akari da mahaɗan da wasu shafuka suke yi zuwa ga shafi. Idan jaridu da jami'o'i da ma'aikatun gwamnati suna tura mutane wani shafi, Google yana ɗaukar hakan a matsayin shaidar cewa shafin abin dogaro ne. Mahaɗan nan ba sa gogewa don mai shafi ya tashi. Kamar rumfar kasuwa ce da aka san ta da kayan kirki: ko ta canza hannu, tsofaffin masu ciniki za su ci gaba da zuwa. Wannan cinikin ne mai sayen tsohon suna yake so ya gada, ya zuba tallar caca ko ta magungunan bogi a inda aka saba samun abin amfani.

Matakin da Google ya ɗauka

Ranar 5 ga Maris 2024, Google ya sanya wannan dabara cikin jerin abubuwan da ya haramta. Ƙa'idar ta shafi wanda ya sayi sunan da wa'adinsa ya ƙare, ya cika shi da abin da ba ya amfanar mai karatu, da nufin hayewa sama da martabar tsohon mai shi. Kamfanin ya ba da misalai uku: tallar kayan sayarwa a tsohon shafin wata hukumar gwamnati, sayar da kayan magani a tsohon shafin ƙungiyar agajin lafiya, da caca a tsohon shafin makarantar firamare. A rana ɗaya ya haramta zuba dubban rubuce-rubuce marasa amfani don yaudarar injin bincike, da fakewa a cikin shafi mai martaba don tallata abin da bai shafe shi ba. Daga baya ya ce gyare-gyarensa sun rage irin wannan tarkace da kashi 45 cikin ɗari a sakamakon bincike.

Hukuncin iri biyu ne. Ko dai manhajar Google ta gano shafin da kanta ta mayar da shi baya, ko ma'aikacin kamfanin ya duba shi da ido ya hukunta shi, har ya kai ga cire shi daga sakamakon bincike baki ɗaya. A hali na biyu, mai shafi yana ganin sanarwa a Search Console, kuma yana iya neman a sake duba shi bayan ya gyara.

Google bai hana sayen tsohon suna ba. Ya faɗa ƙarara cewa babu laifi a gina sabon shafi na gaskiya a kansa, matuƙar don amfanin mutane aka yi shi. Haka kuma John Mueller, jami'in kamfanin da ke amsa tambayoyin masu shafuka, ya bayyana cewa yawan shekarun suna kaɗai ba ya ɗaga shafi.

Kafin ka biya

Tsohon suna yana zuwa da tarihinsa, mai kyau da marar kyau. Idan an taɓa yin damfara ko batsa a kansa, ko an taɓa hukunta shi, tabon yana iya bin sabon mai shi. Shafin Wayback Machine na Internet Archive yana nuna kyauta yadda shafuka suke a shekarun baya, don haka sai a fara da shi. A kuma bincika ko sunan na wani kamfani ne mai rajistar tambari, domin yana iya shigar da ƙara ya ƙwace shi.

Ga masu shafuka

Babbar asara tana kan wanda ya bar nasa ya kuɓuce. A Disamba 1999 Microsoft ya manta bai sabunta passport.com ba, masu amfani da Hotmail suka kasa shiga akwatunansu, sai da wani mutum daga waje ya biya dalar Amurka 35 aka daidaita. Idan haka ta samu Microsoft, ina ga gidan rediyo ko ƙungiyar 'yan asalin gari a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, wadda aka yi mata rajista da imel ɗin wani yaro da ya tafi ci-rani? Wanda ya sayi sunan zai iya karɓar duk wasiƙun da ake aikowa adireshin imel na ƙungiyar, ya kuma yi magana da sunanta ga 'yan uwa da ke ƙetare, har ya nemi gudummawa.

Rigakafin ba shi da tsada. A yi rajista da sunan ƙungiya da imel ɗin da mutum fiye da ɗaya yake dubawa, a kunna sabuntawa ta kai-tsaye, a biya na shekaru da dama idan da hali. Mai karatu kuma, idan shafin da ya sani da labarai ya wayi gari yana tallar caca, ya sani mai yiwuwa rumfar ce ta canza hannu.