Ƙurar da Ido Ba Ya Gani

Mai fasa dutse yakan tashi aiki fari fat, ya fyace majina, ya yi kaki, ya ɗauka ya rabu da ƙurar yini. Ai wadda ya fitar ba ita ce abar tsoro ba, domin gashin hanci da majinar maƙogwaro sun tare ta. Wadda ba ta kai maikuron 5 ba (kaurin silin gashi yakan kai 70) ita ke zarcewa cikin 'yan jakunkunan iska na huhu, waɗanda yawansu ya haura miliyan 300.

A can akwai ƙwayoyin halitta masu gadi, makurofaj, aikinsu haɗiye baƙo su narkar da shi. Ƙwayar cuta tana narkewa, amma silika, ma'adinin da ke cikin dutse da yashi, ba ta narkewa. Sai ta huda 'yar jakar narkarwar mai gadin daga ciki, ruwanta ya malale, mai gadin ya mutu yana sakin sinadaran da ke kiran 'yan'uwansa. Wani ya zo ya haɗiye ƙwayar silikar nan dai, shi ma ya bi sahu. Ana haka, ƙwayoyin da ke ɗinke rauni suna ta naɗa zaren kolajin a wurin. In aka yanko naman aka duba da madubin likita, sai a ga ɗan ƙulli, zobe cikin zobe, kamar an raba albasa biyu. Ƙulle-ƙullen sun fi taruwa a saman huhu, su haɗe, naman da ya kamata ya yi laushi kamar soso ya ƙandare. Wato jiki ne da kansa, garin kariya, yake toshe numfashinsa.

Likitan Italiya Achille Visconti ya raɗa wa cutar suna silikosis a 1870. Takan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin ta bayyana, sai dai in ƙurar ta yi yawa. A 1930, da aka fara huda ramin Hawks Nest a Amurka, galibi ba tare da zuba ruwan da zai kwantar da ƙura ba, ɗaruruwan leburori, akasarinsu baƙaƙen fata, suka mutu cikin 'yan shekaru.

Masu gadi in sun raunana, tarin fuka kan samu ƙofa, shi ya sa masu niƙa dutsen zinariya a Zamfara ke da abin tsoro bayan gubar dalma. Tabon ba ya gogewa, ƙyalle a hanci kuma bai isa ba. Ruwa dai, in ana zuba shi a bakin injin, yana kwantar da ƙurar tun kafin ta tashi.