Ƙaramin Zomo, Babbar Amana

A wannan fitowar na ajiye labarin soyayya a gefe, zan ba ku labarin wasu 'yan baƙi da suka shigo gidana suka koya mini hankali.

Wata uku da tarewata maigida ya lura kaɗaici yana damuna idan ya fita aiki, sai wata Juma'a ya shigo da kwali yana murmushi, ya ce, "Amarya, ga 'yan tayin hira na kawo miki." Ina buɗewa sai ga zomaye biyu 'yan mitsi-mitsi, masu kewayayyen kai da manyan idanu. Na ce, "Haba Yallaɓai, ai waɗannan jarirai ne, ina uwarsu?" Ya yi dariya ya ce ai sun gama girma ke nan. Ashe wadan zomo ne, irin da aka samar a ƙasar Holan a farkon ƙarni na 20, wanda nauyinsa bai fi kilo 1 da 'yan kai ba, tsawon kunnensa kuwa kamar santimita 5.

To, jama'a, so daban, iya riƙo daban. Cikin watan Afrilu na ajiye kejinsu a ƙarƙashin rumfar kwano na tafi gidan suna tun hantsi. Ban dawo ba sai bayan la'asar, na tarar da macen a miƙe tana haki, ruwansu ya ƙafe ƙaf. Kafin magariba ta mutu a hannuna. Wallahi na yi kuka har da majina, don na san sakacina ne, kuma ko dabba ce tana da hakki a kan wanda ya kulle ta. Maigida bai yi mini faɗa ba, shirun nan nasa ya fi faɗan ciwo.

Washegari muka kai namijin wurin likitan dabbobi, shi ne ya zaunar da ni ya karanta mini. Ya ce zomo ba ya yin gumi irin namu, ta kunnuwa yake rage zafin jiki, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 yana cikin haɗari, balle bazararmu ta Kano da ke kaiwa 40. Don haka wurinsa inuwa mai iska, kusa da randa in da hali, ko a naɗe gorar ƙanƙara da tsumma a ajiye masa ya jingina.

Batun abinci kuwa, ni da na zaci karas ne tuwon zomo, ashe ɗan marmari ne kawai saboda zaƙinsa. Babban abincinsa busasshiyar ciyawa mai tsabta, kada ta yanke masa dare da rana, a ɗan haɗa da harawa da ɗanyen ganye. Dalili shi ne haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa ce ke rage su. In kika ga ya wuni bai ci ba, bai yi kashi ba, maza ki garzaya wurin likita, kada ki ce sai gobe.

Kada a ɗaga shi ta kunne kamar yadda yara ke yi, a tallafo ƙirjinsa da ƙugunsa, don ƙashin bayansa ba shi da ƙwari. Ba a yi masa wanka, shi ke lashe jikinsa. In kika ga yana cin wani kashinsa mai laushi, kada ki ƙyamace shi, halittarsa ce. A tsare shi daga mage, a kuma ɗauke wayoyin lantarki, don nawa sai da ya gutsire mini wayar fanka.

Masu magana suka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, ni kuwa na ƙara da cewa ba ya kiwatuwa daga zaune. In ya samu kulawa yakan kai shekara 7 zuwa 10, ki ga kuwa ba abin wasan sallah ba ne da za a saya wa yaro ya gaji ya yar. Ki tambayi kanki tukuna, in za ki unguwa wa zai duba shi?

Yanzu haka da nake wannan rubutu Ɗan Auta yana kwance a gindin randa yana kallona. Ko biki zan je, sai na cika masa ruwa na bar wa ƙanwar maigida amanarsa. Allah ya ba mu ikon sauke hakkin duk abin da ke ƙarƙashinmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.