Jijiya Suna Ta Tara: Yadda Yatsa Ke Tantance Abin Da Ke Ƙarƙashin Fata

Idan Bahaushe ya ce "jijiyata ke ciwo", likita bai gama jin bayani ba. A bakinmu hanyar jini jijiya ce, igiyar da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa jijiya ce, haka ma farar igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi. Wannan ta ƙarshe mahauta sun fi kowa saninta, domin ita ke gagarar wuƙa. To amma abin da harshe ya haɗa, yatsa yana iya rarrabewa.

Jikin ɗan Adam yana da tsoka fiye da 600, kuma da yawansu ba sa ɓuya. Masu koyon aikin gashin ƙashi da ƙashi suke farawa, don shi ba ya gusawa. In sun same shi sai su ce wa mutum ya motsa gaɓar. Tsoka takan kumbura ta yi tauri, in an saki ta yi laushi. Jijiyarta kuwa miƙewa take yi kamar tsirkiyar baka. Hanyar jini bugawa take yi. Jijiyar saƙo kuma, wanda ya taɓa buge gwiwar hannunsa ya ji zirr har ɗan ƙaramin yatsa ya riga ya san ta.

Mai karatu, gwada da kanka. Haɗa babban yatsa da ƙaramin, ka ɗan lanƙwasa wuyan hannu. Wata siririyar jijiya za ta taso a tsakiya. In ba ta fito ba kada ka damu, an halicci mutane da dama babu ita, kuma ba su rasa ƙarfin riƙo ba. Sai ka ɗaga babban yatsa sama: wani ɗan rami zai bayyana a gindinsa tsakanin jijiyoyi. Ƙarƙashinsa akwai ɗan ƙashi da kan karye idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, kuma sau da yawa hoton asibiti na farko ba ya nuna karayar. Zafi a ramin nan in an danna shi ne ke sa likita ya ɗaure hannun, ya sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14. Ina ganin nan ne ake yawan cutuwa, don a gida cewa ake yi targaɗe ne kawai.

Agara, wadda ta sauko daga sha-raɓa zuwa dunduniya, ita ce jijiyar tsoka mafi kauri da ƙarfi a jiki, amma takan tsinke, musamman wurin ƙwallo. A 1957 wani likitan Ingila, Simmonds, ya bayyana gwaji mai sauƙi: a kwantar da mutum rub-da-ciki, a matsa sha-raɓarsa. In agara na nan lafiya, tafin ƙafa zai motsa da kansa. In ta tsinke shiru za a gani, wani lokaci har yatsa ya faɗa gurbin da ta tsinke.

Lalube da hankali ake yi, da cikin yatsa, ana kwatanta hagu da dama. Kada a danna gefen wuya biyu lokaci guda, don nan jini ke bi zuwa ƙwaƙwalwa. Roƙona ga iyaye da maɗora shi ne: sha-raɓar da ta kumbura ta ɗauki zafi ba tare da rauni ba, kada a murza ta. Yana iya zama gudan jini ne, kuma murza na iya tura shi huhu. A kai mai ita asibiti a ranar.